Ƙyanƙyasar Ƙwan Kunkuru da na Kififiya a Gida: Misali daga Ƙasar Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana yadda ƙwan kunkuru yake ƙyanƙyashewa, da kuma abin da ya kamata mai gida ya yi, ko ya bari, idan ya tarar da ƙwan a tsakar gidansa ko a gonarsa. An ɗauki ƙasar Malumfashi da Funtuwa, a kudancin Jihar Katsina, don ta zama wurin misali saboda dalilai biyu. Na farko, ƙasa ce ta manoma waɗanda suka gwanance da kiwon kaji da zabi, har da wuya a shiga ƙauye tsakanin Bakori da Dayi a rasa matar da ta iya sa wa kaza ƙwan zabuwa ta kwanta a kai har ta fitar. Na biyu, ƙasa ce mai yawan ruwan sama, mai laka mai riƙe ruwa, alhali kuwa babban kunkurun da ake ajiyewa a gidaje ɗan ƙasar rairayi ne.

Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan gwaninta ta kiwon kaji, wadda abin yabo ce a muhallinta, ita ce kan gaba wajen kashe ƙwan kunkuru. Dabarun da ke fitar da ɗan tsako, watau ɗumi mai ƙarfi da juya ƙwai a kai a kai, su ne ainihin abubuwan da ɗan kunkuru ba ya iya jurewa.

2.0 Waɗanne Dabbobi ake Nufi?

Bahaushe ya raba waɗannan dabbobi gida biyu: na tudu shi ne kunkuru, na ruwa kuwa kififiya. Rabon ya yi daidai, amma a ƙarƙashin kowane suna akwai iri fiye da ɗaya, kuma ƙwansu ba ɗaya ba ne.

Wanda aka fi sani shi ne babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na tsibirin Aldabra, kuma a cikin waɗanda ba a tsibiri suke zaune ba babu wanda ya kai shi. Ƙasarsa ta asali ita ce gefen Hamada, tun daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da Chadi, har zuwa Sudan da Habasha. Can yake haƙa rami mai zurfi ya shige lokacin zafi. Waɗanda ake gani a gidajen sarakuna da attajirai da masu magani, galibi kawo su aka yi daga arewa, ko kuwa 'ya'yan waɗanda aka kawo ne. Wasu suna ajiye shi don sha'awa, wasu bisa imanin cewa yana tare mugun abu daga shiga gida. Al'adar ba ta Hausawa ce kaɗai ba: kunkurun nan mai suna Alagba da ya mutu a fadar Sarkin Ogbomosho a 2019 irin wannan ne, kodayake masana ba su yarda da shekara 344 da fadar ta ce ya yi ba. Macen wannan kunkuru takan saka ƙwai 15 zuwa 30 a zubi ɗaya, farare, masu tauri, kusan kewayayyu, kowanne kamar girman lemun tsami, kuma tana iya yin zubi fiye da ɗaya a shekara.

Akwai kuma ƙaramin kunkurun daji na jinsin Kinixys, wanda ƙarshen ƙoƙon bayansa yake lanƙwasuwa ya rufe ƙafafun baya kamar murfi. Shi ƙwansa 'yan kaɗan ne, masu ɗan tsawo.

A ɓangaren ruwa, wadda manomi ya fi cin karo da ita ita ce ƙaramar kififiyar kududdufi ta jinsin Pelomedusa, mai lanƙwasa wuya gefe idan ta tsorata, mai shigewa cikin taɓo ta kwanta har rani ya wuce. Ƙwanta dogo ne, ɓawonsa da taushi kamar fata. Madatsun ruwa irin na Malumfashi da na Mairuwa da na Gwaigwaye, da ƙananan da aka gina zamanin Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, sun samar wa irin waɗannan dabbobi mazauni. To amma bakin ruwan da kififiya ke binne ƙwanta, nan ne kuma ake lambu da noman shinkafa, saboda haka fartanya da garma sukan tono shi.

3.0 Inda Ƙwan Kunkuru ya Saɓa da na Kaza

3.1 Juyi

Duk wanda ya taɓa lura da kaza mai kwanci ya ga yadda take sa baki tana mirgina ƙwanta sau da yawa a yini. Wannan wajibi ne gare ta, domin in ba a juya ƙwan kaza ba ɗan tayin yakan manne wa ɓawo ya mutu. Abin da ya sa juyin ba ya yi masa lahani kuwa shi ne, idan aka fasa ɗanyen ƙwan kaza za a ga wasu fararen igiyoyi biyu murɗaɗɗu a gefen gwaiduwa. Su ne suke riƙe da ita a tsakiya, ta yadda ko ta ina aka juya ƙwan, gwaiduwar za ta jirkice ta mayar da ɗan tayin sama.

Ƙwan kunkuru ba shi da waɗannan igiyoyi, kuma abin da yake mutuwa ga ɗan tsako shi ne rayuwa ga ɗan kunkuru. Tun yana cikin uwa ɗan tayin yakan fara samuwa, sa'an nan ya tsaya cik saboda ƙarancin iskar shaƙa a cikin mahaifa. Da zarar an saka ƙwan iska ta shige shi, sai ɗan tayin ya ci gaba, ya taso can ƙololuwar ƙwan ya manne wa tantanin da ke cikin ɓawo, gwaiduwa kuma ta nutse ƙasa. Daga nan wurin da ya manne ya zama hancinsa, ta nan yake samun iska. Alamar haka ita ce wani farin tabo kamar alli da ke fitowa a saman ƙwan, ya yi ta faɗi har ya game shi. Idan aka kifa ƙwan bayan wannan mannewa, ko dai tantanin ya tsinke, ko gwaiduwa ta dawo ta danne ɗan tayin. Ba za a ga komai daga waje ba. Sai bayan wata biyu a tarar ƙwan ya zama baragurbi, a ce ai dama ba shi da kyau.

Masu nazarin kififiyar teku a Ostireliya sun nuna tun 1979 cewa ɗaukar ƙwai bayan kimanin sa'a 12 da saka shi yana rage yawan waɗanda ke ƙyanƙyashewa ƙwarai. A kunkurun tudu mannewar takan ɗan jinkirta, amma wanda ya tsinci ƙwai a gona ba shi da hanyar sanin ranar da aka saka shi. Don haka ƙa'idar ita ce a ɗauka cewa ya riga ya manne.

3.2 Zafi

Kaza tana kwanci a kan zafin da ya kai kimanin digiri 37 da rabi na ma'aunin santigired, ta fitar da nata a kwana 21, na zabuwa a kwana 26 zuwa 28. Kunkuru ba ya kwanci sam. Uwar takan haƙa gurbi da ƙafafun baya, ta jiƙa ƙasar da fitsarinta don ta yi laushi, ta zuba ƙwan, ta rufe, ta daddale, ta bar wa rana da ƙasa sauran aikin. Zafin da ƙwan babban kunkuru ke so yana tsakanin digiri 28 da 32. A wannan zafi yakan ɗauki kwana 90 zuwa 120. A cikin ƙasa kuwa, inda sanyin dare ke rage masa sauri, yana iya kai wata takwas. Idan zafi ya dawwama sama da digiri 34 ko 35, ɗan tayin ya mutu ko ya fito da nakasa a ƙoƙonsa. Idan ya yi ƙasa da digiri 25 na tsawon lokaci, girma ya tsaya. Ke nan wanda ya sa ƙwan kunkuru a ƙarƙashin kaza, ko a cikin injin ƙyanƙyasar kaji irin waɗanda masu gidan gona ke amfani da su, ya haɗa masa masifa biyu lokaci guda: ga zafin da ya wuce kima, ga juyi.

Zafi yana da wani aikin kuma wanda ya fi wannan ban mamaki, kuma a Afirka ta Yamma aka fara gano shi. A 1966 wata masaniya Bafaranshiya mai suna Madeleine Charnier, tana aiki a Jami'ar Dakar, ta lura cewa zafin da aka ƙyanƙyashe ƙwan ƙadangare a kansa yana sauya yawan maza da mata a cikin 'ya'yan. Ƙadangaren da ta yi aikin a kansa ba wani baƙo ba ne, irin jan gwadan nan ne da ke gyaɗa kai a kan katangunmu. A farkon shekarun 1970 Claude Pieau ya sami irin wannan a kunkuru da kififiyar Turai, sa'an nan a 1979 Bull da Vogt a Amurka suka tabbatar cewa haka abin yake a cikin gurbi na ainihi, ba a ɗakin gwaji kaɗai ba. A mafi yawan kunkurun tudu da aka auna, zafin da ya ɗan yi ƙasa yana ba da maza, wanda ya ɗan yi sama yana ba da mata, kuma mahaɗar tana wajen digiri 30 zuwa 32. Ba a farkon kwanciyar ƙwan ake yanke wannan hukunci ba, a kashi na tsakiya ne idan aka raba kwanakin uku. Amma ba duka dangin ke bin wannan hanya ba. Manyan kififiya masu laushin baya na manyan koguna, su tun daga ƙwayar halitta ake rubuta jinsinsu, kamar kaza da ɗan Adam.

Wannan ba zancen ɗakin karatu ba ne kurum. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa a arewacin babban murjanin tekun Ostireliya, fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙananan koren kififiyar teku mata ne, saboda yashin da ake binne ƙwan ya ƙara zafi. A tsakar gida ma haka lissafin yake a taƙaice: gurbin da ke gindin katangar da rana ke duka, da wanda ke inuwar darbejiya, ba lalle su ba da 'ya'ya iri ɗaya ba, ko da uwa ɗaya ce ta saka su.

4.0 Yanayin Malumfashi da Tsarin Gidajenmu

Ruwan shekara a wannan yanki yana kusan milimita 1,000, kuma mafi yawansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba. A ƙasar asalin babban kunkuru sau da yawa ruwan bai kai rabin haka ba, ga shi kuma rairayi ne da ke tsotse ruwa nan take. Ƙasar da ta sa Funtuwa da Malumfashi suka yi suna a noman auduga da masara da dawa, watau mai nauyi mai riƙe danshi, ita ce take iya shaƙe ƙwai. Ƙwai yana numfashi ta ƙananan ƙofofin ɓawonsa. In ruwa ya kwanta a gurbi kwana ɗaya ko biyu, magana ta ƙare. A daji kunkuru kan yi barbara bayan damina, mace ta saka ƙwai cikin rani, 'ya'ya su fito da saukar ruwan farko lokacin da ɗanyar ciyawa ke tsirowa. Zubin da ya bi wannan tsari a gida bai cika samun matsalar ruwa ba. Wanda ya makara, har ya kai ga marka ta Agusta yana ƙasa, shi ne abin tsoro.

Na rani kuma da nasa gwajin. Da hunturu, a Disamba da Janairu, sanyin asuba yana sauka ƙasa da digiri 15, iska kuma ta bushe ƙayau. Da bazara, a Maris da Afrilu, zafin rana yana kusantar digiri 40. Babu ɗayan biyun da ƙwai zai jure a fili. Abin da ke cetonsa shi ne zurfin gurbi, domin ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi kuma ba ta saurin sakinsa. A zurfin kamu ɗaya da rabi bambancin dare da rana ya ragu ƙwarai. Wannan ne ya sa nake ganin cewa a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, babu injin da ya kai gurbin da uwar ta haƙa da kanta. Injin da ya ɗauke na sa'a goma a daren hunturu ya fi rami haɗari nesa ba kusa ba.

Sai dai gidajenmu sun sauya. Tsakar gidan da a da daɓe ne ko turɓaya, yanzu a garuruwa siminti ne daga zaure har bayan ɗaki. Macen da ke ɗauke da ƙwai za a ga ta daina cin abinci, tana ta zarya a gindin katanga, tana karta ƙasa da ƙafar baya. In ba ta sami wurin haƙa ba, ko dai ta zubar da ƙwan a kan siminti su farfashe, ko ta riƙe su a ciki. Riƙewar ta fi muni, domin ƙwan kan ƙara tauri ya ƙi fita, har ya yi ajalinta. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ware mata wani lungu da rana ke samu da safe, nesa da indararo da rariya, a tona shi zurfin rabin mita ko fiye, a cika da yashi gauraye da turɓaya, a ɗan tada shi sama da sauran gida don kada ruwa ya taru.

Wani abu kuma da ya kamata a sani kafin a fara jiran banza: mace tana iya saka ƙwai ko ba namiji, kamar kaza, kuma irin wannan ba ya fitar da komai. A ɗaya gefen, macen kunkuru tana iya adana maniyyin namiji a jikinta na tsawon shekaru, don haka wadda aka sayo ita kaɗai bara tana iya saka ƙwai mai rai bana. Ana gane namiji da ramin da ke ƙirjinsa da kuma tsawon wutsiya.

5.0 A Bari ko a Kwashe?

Idan gurbin yana wuri mai kyau, a bar shi. Abin da yake bukata tsaro ne kawai. A kewaye shi da bulo, a rufe da ragar waya mai ƙananan ido, a danne da dutse. Gafiya da ɓera da kare suna tono ƙwai, damo da guza kuma sana'arsu ke nan a bakin gona da bakin ruwa. Shi kansa babban namijin kunkuru yana iya burma gurbin da nauyinsa. Ragar tana da amfani na biyu, watau tsare 'ya'yan ranar da suka fito, kafin kaji da shirwa da hankaka su gan su. Idan hunturu ya tsananta, a yayyafa ruwa kaɗan a kewayen gurbin, ba a kansa ba, sau ɗaya a mako. A rubuta ranar da aka saka ƙwan.

Ba a kwashewa sai da larura: gurbin yana kan hanyar ruwa, ko garma ta riga ta buɗe shi, ko an zubar da ƙwan a fili, ko kwarkwasa da kiyashi sun yi masa sansani. To a nan sai a bi a hankali. A yaye ƙasar da hannu ko da cokali. Kafin a ɗaga kowane ƙwai a sa masa alama da fensir a daidai samansa, ba da biro ko tawada ba, domin ɓawon yana tsotsa. A ɗauke shi yadda yake kwance, alamar tana sama, a ajiye shi haka. Kada a wanke shi, kada a girgiza shi a kunne don a ji ko da ɗa a ciki, kamar yadda ake gwada ƙwan zabi a kasuwa, balle a tsoma shi a ruwa. Idan biyu sun manne da juna a bar su a manne.

Mazubin da ya fi dacewa shi ne tukunyar ƙasa mai faɗin baki ko babban kasko, a zuba masa yashin rafi wankakke wanda aka shanya a rana. Masu kiwon kunkuru a Turai da Amurka suna amfani da wani ma'adini mai kama da ɓawon hatsi wanda ke riƙe danshi, amma yashi mai tsabta yana wadatarwa. Gwajin danshinsa shi ne a dunƙula shi a hannu: ya dunƙulu, amma kada ruwa ya ɗiga. A nutsa kowane ƙwai zuwa rabinsa ko fiye, a bar tazarar yatsa tsakaninsu, a rufe bakin da faifai ko murfi mai huda don iska ta riƙa shiga. A nan ne bambancin ɓawo yake da muhimmanci. Ƙwan kififiyar kududdufi, mai taushin ɓawo, yana shan ruwa daga ƙasa har ya ɗan kumbura, kuma in ya rasa danshi sai ya lotsa. Shi yashinsa ya fi son laima. Na babban kunkuru kuwa, mai tauri, ya zo da ruwansa, kuma in aka cika masa jiƙo yana iya tsagewa.

Inda za a ajiye tukunyar ya fi tukunyar kanta wuyar zaɓi. Ɗakin ƙasa mai rufin soro ya fi ɗakin kwano, saboda na kwano tanda ne da rana, firji ne da asuba. A sami ma'aunin zafi, a riƙa cusa shi cikin yashin da asuba da kuma azahar. Akwai wani tarko a nan da ya kamata a ambata. Tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi tana sanyaya abin da ke cikinta idan busasshiyar iska ta bi ta kanta; wannan ita ce hikimar randa, kuma a kanta ne Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Da bazara wannan sanyaya taimako ce. Da hunturu kuwa tana iya sauke zafin yashin ƙasa da abin da ƙwai ke bukata. Saboda haka a lokacin sanyi a binne tukunyar har wuya a ƙasar ɗaki, ko a naɗe ta da buhu busasshe, a kawar da ita daga bakin taga.

Bayan mako uku ko huɗu ana iya haska ƙwai da ƙaramar tocila a cikin duhu, ba tare da an juya shi ba. Mai rai zai nuna jajayen jijiyoyi kamar saiwa. Wanda ya yi wari ko ya fashe a cire shi don kada ya jawo ƙuda da kiyashi. Amma wanda kurum bai nuna komai ba, kada a yi gaggawar zubar da shi. Wanda ya saba da kwana 21 haƙurinsa kan ƙare tun ƙwan kunkuru bai kai ko'ina ba, kuma an sha fasa ƙwan da aka ɗebe wa tsammani a tarar da ɗa a ciki.

6.0 Fitowa da Reno

Ɗan kunkuru yana da wani ɗan tsini a kan hancinsa wanda yake fasa ɓawo da shi, daga baya ya faɗi. Bayan ya fasa ba ya fita nan da nan. Yakan zauna a ciki kwana ɗaya zuwa uku, yana shanye sauran gwaiduwar da ke liƙe a cibiyarsa. Taimakon da ake yi wa ɗan tsakon da ya gaji, a ɓare masa ɓawo, a nan ɓarna ne, domin in jakar gwaiduwar ta fashe ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa. Idan ya fito da sauranta, a ɗora shi a kan tsumma mai tsabta mai ɗan danshi a cikin kwano rufaffe har ta shige. Tsawonsa a lokacin bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba, ƙoƙonsa kuma da taushi.

Ana cewa kunkuru ba ya shan ruwa. Babba yana iya daɗewa bai sha ba, amma jariri bushewa ce ta fi kashe shi. A riƙa tsoma shi kullum, na minti 10 zuwa 15, a ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba. A yi masa maɓoya mai laima, ko da fasasshiyar tukunya ce a kife a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, domin a daji cikin rami mai danshi yake yini. Wani gwaji da Wiesner da Iben suka buga a 2003 daga birnin Biyana na Ostiriya, a kan 'ya'yan wannan kunkuru, ya nuna cewa waɗanda aka rena a busasshiyar iska su ne ƙoƙonsu ya fi tasowa tsibi-tsibi maimakon ya tashi sumul. Ga mai reno a ƙasar da hunturu ke yin wata uku, wannan sakamako ya shafe shi kai tsaye. Hasken rana na safe wajibi ne, don da shi jiki ke samar da bitamin D mai ƙarfafa ƙashi da ƙoƙo, amma dole a sami inuwar da zai gudu. Ɗan kunkurun da aka manta a roba a rana, ko wanda ya kife ya kasa tashi, ba ya kai la'asar.

Abincinsa ciyawa ce da ganye: gude-gude, burburwa, harƙiya, ƙiri-ƙiri, ganyen rama da na kabewa, a yanka ƙanana, a riƙa barbaɗa garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka. Sauran tuwo da shinkafa da dusa da ake zuba wa kunkuru a gidaje yana ci, amma cikinsa ba don su aka yi shi ba, kuma suna sa shi girman gaggawa da lalacewar ƙoƙo. A kiyaye ciyawar gefen gonar da aka yi wa feshi, wadda ba ta da wuyar samu a yankin auduga da masara.

'Ya'yan kififiyar kududdufi hukuncinsu dabam ne. Su masu cin nama ne, ƙwari da tsutsa da talibambam, kuma tun ranar da cibiyarsu ta rufe sun iya neman abincinsu. Ba su da bukatar reno. A mayar da su ruwan da aka tsinci ƙwan kusa da shi, a sake su cikin ciyawar bakin ruwa da yamma.

Kunkuru da kififiya suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, amma tana sa mutum zawo da zazzaɓi, kuma ta fi tsanani ga yara ƙanana. Wannan ne ya sa Amurka ta hana sayar da waɗanda tsawonsu bai kai inci 4 ba tun 1975, saboda yara na sa su a baki. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su, kada a jiƙa su a kwanon abinci, kuma a nisanta su da randa da madafa.

7.0 Doka, da Inda 'Ya'yan za su Je

Babban kunkurun Sahel yana ƙarewa a daji. Kiwo ya cinye masa ciyawa, noma da gobarar daji sun ci masa wuri, masu kamawa don sayarwa kuma sun bi shi har rami. A 2021 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, watau IUCN, ta sa shi a jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa. Yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a Washinton a 1973, wadda Nijeriya ta shiga tun farkonta, kuma tun 2000 aka hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa don ciniki. A cikin gida, Nijeriya ta kafa dokar soja mai lamba 11 a 1985 kan fataucin dabbobin da ke cikin haɗari, aka ƙara tsananta hukuncinta a 2016. Ma'anar wannan ga mai gida ita ce, kula da ƙwan da kunkurunsa ya saka abu ne dabam, zuwa daji a tono gurbi ko a sayi wanda aka kamo kuma abu ne dabam.

Wanda ya yi nasara ya fitar da 'ya'ya 20 daga zubi ɗaya ya sayi wata sabuwar matsala. Kowannensu yana iya wuce shekara 50 a raye, namiji yana iya wuce kilo 50, yana haƙa ƙarƙashin katanga, kuma maza biyu ba sa zama wuri ɗaya sai da karo. Sakin su a dajin kudancin Katsina ba mafita ba ce: ba ƙasarsu ba ce, kuma wanda ya tashi cikin kaji da awaki yana iya kai wa na daji cuta. A Senegal an kafa wata cibiya a ƙauyen Noflaye, kusa da Dakar, wadda ake kira Ƙauyen Kunkuru, inda ake karɓar waɗanda aka ajiye a gidaje, a duba lafiyarsu, a hayayyafa su, sa'an nan a mayar da wasu yankin Ferlo inda asalinsu yake. Irin wannan aiki ne ya kamata sassan nazarin halittu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su duba, su da hukumomin gandun daji. Matakin farko ba ya bukatar kuɗi mai yawa: ɗalibi ɗaya da ma'aunin zafi da littafin rubutu, ya bi gidajen Malumfashi da Funtuwa da ake ajiye kunkuru, ya rubuta watan da aka saka ƙwai, da zurfin gurbi, da zafin ƙasa safe da rana, da ranar fitowa, da yawan waɗanda suka fito.